Sunan Da Ke Bayan Cokali: Na Maƙeri Ne Ko Na Mai Kanti?

A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar shirin jarrabawa, to amma ku yi mini afuwa, wani cokali ya shiga tsakani.

A hutun da ya wuce ina taya kawuna zaman shago. Kayan kicin na gwanjo yake sayarwa, irin waɗanda ake sarowa kwali-kwali daga Kwatano: tukwane, farantai, kofuna da cokula, yawancinsu kwashe-kwashen gidajen Turai da Amurka. Aikina shi ne in juye cokula a daro, in wanke, in ɗaure su dozin-dozin. Ranar nan ina cikin wanki sai na ci karo da guda biyu da suka bambanta da sauran. Ɗaya babba ne, yana sheƙi, a bayan mariƙinsa an rubuta 1847 ROGERS BROS, da wasu haruffa biyu, IS, a gefe. Ɗayan ƙaramin cokalin shayi ne, ya yi baƙi kamar an ciro shi daga murhu.

Kawu ya karɓi mai sheƙin, ya ɗaga shi sama, ya ce, "Kai ɗan boko, lissafa mini. Daga 1847 zuwa yau shekara nawa ke nan?" Na ce sun haura 170. Ya ce, "To wannan ba na dozin ba ne, azurfar Turawan da ce, ajiye mini shi a durowa." Baƙin kuwa ya ce in bayar da shi gyara ga duk matar da ta sayi tukunya.

Na roƙe shi ya bar mini su duka biyun na mako guda. Abin da na koyo a wannan makon shi na kawo muku yau, domin na gane cewa bayan cokali ma shafi ne da ake karantawa, kuma wanda bai iya karatunsa ba zai iya kyautar da azurfa ya ɓoye ƙarfe a durowa.

Mu fara da Ingila, ko da yake ba can maganarmu take ba, domin sai an san tsarin Ingila ake gane rashin tsarin Amurka. Tun a shekarar 1300 doka ta hana maƙerin Ingila sayar da kayan azurfa sai an kai an gwada. Idan kayan sun cika ma'auni, wato kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla, sai ofishin gwaji ya buga musu hatimi. Landan kan damisa take bugawa. Daga 1363 aka wajabta wa maƙeri ya sa tasa alamar, daga 1478 aka ƙara harafin da ke nuna shekara, daga 1544 aka ƙara hoton zaki yana tafiya. Birnin Bamingham da ya sami nasa ofishin a 1773 sai ya ɗauki anka, wannan ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi. Saboda haka cokalin Ingila yana gaya maka garinsu da shekararsa da maƙerinsa, kuma ba maƙerin ne ke shaidar kansa ba, wani ne daban ya gwada.

Amurka ba ta taɓa yin irin wannan ofishi na ƙasa baki ɗaya ba. Birnin Baltimore kaɗai ya gwada, daga 1814 zuwa 1830, sannan abin ya mutu. Maƙerin Amurka shi ke ƙera kayansa, shi ke buga sunansa, shi ke cewa azurfar mai kyau ce. Sai a 1906 aka yi dokar tarayya da ta hana buga alamar ƙarya game da ingancin zinare da azurfa. Kafin nan jarin mutum shi ne sunansa. Don haka duk abin da ka gani a bayan tsohon cokalin Amurka magana ce wani ya faɗa, kuma aikinka na farko shi ne ka gano wa ya faɗe ta.

A zamanin da Ingila ke mulkin Amurka abin da sauƙi. Maƙeri yana da ɗan shagonsa da yaransa, yana da guntun ƙarfe mai ɗauke da haruffan sunansa, ya ɗora a kan kaya ya buga da guduma. Paul Revere na Boston, wanda ya rasu a 1818, shi ne aka fi sani. Yakan buga REVERE a cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, wani lokaci kuma PR. Babban kwanon da ya ƙera a 1768 don karrama 'yan majalisar Massachusetts da suka bijire wa umarnin Ingila yana nan a gidan adana kayan fasaha na Boston. Amma ko a nan akwai tarko. Mahaifinsa, wanda ya zo daga Faransa da sunan Apollos Rivoire, shi ma maƙerin azurfa ne, shi ma ya koma amsa sunan Paul Revere, shi ma yana buga haruffan sunansa. Ga kuma 'yan damfara na baya da suka riƙa buga sunan a kan kayan da Revere bai taɓa gani ba, saboda sun san abin da sunan ke jawowa a wajen gwanjon masu kuɗi.

Ina maƙeran wancan lokaci suke samun azurfar? A aljihun mai saye. Mutum ya tara kuɗin azurfa, yawanci dalolin Sifaniya, ya kai wa maƙeri a narka a yi masa cokula ko kofi, a zana haruffan sunansa. Ajiya ce: kuɗi in an sace sun tafi, amma kofi mai sunanka kana iya shaida shi. Daga baya, cikin ƙarni na 19, sai aka fara buga kalmomi irin su COIN, PURE COIN ko DOLLAR, ma'ana azurfar ta kai ingancin kuɗin ƙasa, wanda daga 1837 ya tsaya a kashi 900 cikin 1000. Da na karanta wa Kawu wannan sai ya yi dariya ya ce ai mu ma haka kakanninmu suka yi. Gaskiyarsa. Maƙeran farinmu sun daɗe suna narka dalar Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa suna yin mundaye da zobba da ita, kuma har yau a Nijar sefa biyar dala ake ce mata.

Wannan dalar ce ma ta taimaka mini wajen warware wa Kawu maganar cokalinsa na durowa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga kuɗin shekara da shekaru, kuma kowane ɗaya 1780 ke jikinsa ko da a ƙarni na 20 aka buga shi. Haka 1847 take a cokalin Rogers. Shekarar da 'yan uwan nan uku, Asa da Simeon da William Rogers, suka fara sana'ar yi wa cokula ruwan azurfa da lantarki ce a garin Hartford na jihar Connecticut. Daga baya lambar ta zama sunan kaya kawai, kamfanoni suka yi ta bugawa a kan miliyoyin cokula. Haruffan IS kuwa na kamfanin International Silver ne, wanda sai a 1898 aka kafa shi. Ke nan cokalin bai girmi 1898 ba, kuma cikinsa ba azurfa ba ce, wani ƙarfe ne aka yi wa wanka. Da na duba gindinsa, inda yake gogar faranti, har ruwan ya fara cinyewa, launin ƙasan ya leƙo.

Irin waɗannan kalmomi masu daɗin baki suna da yawa, kuma a kayan gwanjo su za ku fi gani. EPNS, A1, TRIPLE, QUADRUPLE PLATE, duk ruwan azurfa suke nufi. NICKEL SILVER da GERMAN SILVER sun fi kowa ƙarfin hali, domin ko ƙwayar azurfa babu a cikinsu, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Kada kuma wani ya ruɗe ku da gwajin maganaɗisu. Gaskiya ne ba ya kama azurfa, amma waɗannan ma ba ya kama su.

Yanzu ga baƙin cokalin. Na wanke shi da sabulu da tsumma mai laushi, na haska fitilar waya daga gefe, na ɗauki hoto na zuƙo shi. Alamomi suka fito a jere: ƙaramin zaki, anka, da wani harafi mai lanƙwasa irin na tsohon rubutun Turawa, G. Kusa da su an rubuta STERLING. Can gaba kaɗan, da wasu haruffa masu siffa daban, an rubuta SHREVE, CRUMP & LOW.

Wallahi da farko na ce na gama. Zaki na Ingila, anka na Bamingham, G harafin shekara, sunan nan kuma na maƙeri. Har na fara neman shekarar da G ta faɗa a jadawalin Bamingham. Ashe duk kuskure ne, kama da wane ba ta wane. Zaki da anka da G tambarin kamfanin Gorham ne na birnin Providence a jihar Rhode Island, wanda Jabez Gorham ya kafa a 1831. Anka tana cikin tambarin jihar tasu, G kuma harafin farko ne na sunansu. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne kalmar STERLING. Tsohon kayan Ingila ba ya bukatar rubuta ta, zakin ofishin gwaji ya wadatar. Ba'amurke ne, da ba shi da mai yi masa shaida, yake rubuta ta da haruffa.

Ba Gorham kaɗai ba ne. Masana'antu da yawa a Niyok da Filadelfiya da wasu garuruwa sun riƙa buga 'yan hotuna a jere, mikiya, kan mutum, tauraro, zaki, harafi guda, don kayansu su yi kama da na Ingila a idon mai saye. Albert Coles na Niyok, alal misali, mikiya yake bugawa da haruffan AC da kan mutum. Ni dai a ganina akwai wayo a ciki, wayon ɗan kasuwar da ya san mutanensa sun fi yarda da kayan waje. Mun san irinsa. Amma abin dariya shi ne waɗannan hotunan kwaikwayo su ne yau suka zama hanyar da masu bincike ke bi su gano ainihin masana'antar da ta yi kaya, saboda sunan da aka rubuta ɓaro-ɓaro sau da yawa ba nata ba ne.

Nan ne gundarin maganar. Shreve, Crump & Low ba su suka ƙera cokalin nan ba. Babban kantin kayan ado ne a Boston. Sun sara daga Gorham, suka sa sunansu, suka sayar. Daga wajen shekarun 1840 sana'ar ta sauya kama a Amurka. Injuna suka shigo, ana buga cokali da ƙarfin tururi maimakon guduma, sannan aka gano dimbin azurfa a Nevada a 1859. Ƙaramin maƙerin gari ya ga ba zai iya gasa da masana'anta ba, sai ya zama mai kanti: yana gyaran agogo, yana sayar da tabarau da zobba, yana saro cokula daga Niyok ko Providence yana buga musu sunansa da sunan garinsu. Mutanen gari shi suka sani, shi za su kama in kaya suka ɓaci, don haka sunansa ne ke da amfani a wurinsu. Shi ya sa za ka ga cokali ɗauke da sunan wani mutum na wani ƙaramin gari a kudancin Amurka, alhali a arewa aka ƙera shi, mutumin kuwa wataƙila bai taɓa narka azurfa ba. Wani lokaci ma masana'antar ba ta sa komai nata, sunan mai kanti kaɗai ke jiki.

Hatta Tiffany da ake ji da shi haka ya faro. Charles Lewis Tiffany da abokinsa John Young sun buɗe shago a Niyok a 1837 suna sayar da takardu da kayan ƙawa. Kayan azurfarsu na farko wasu ke yi musu, irin su Grosjean & Woodward, da kuma John C. Moore wanda ya fara yi musu aiki su kaɗai a 1851. Sai a 1868 suka haɗe masana'antar Moore cikin kamfaninsu. Bayan nan ne za ka riƙa ganin kalmar MAKERS a tambarinsu, wato mu muka ƙera da kanmu. Kamfani ba zai ɓata wuri yana rubuta wannan kalma ba sai don kowa ya san cewa mai suna a kan kaya ba lalle ne shi ya yi su ba.

To yaya ake rarrabewa? Ido ne da haƙuri. Tambarin masana'anta yakan zama ƙarami, hoto ko haruffa ɗaya zuwa uku, kuma yakan zauna daidai domin tun ana ƙera kayan aka buga shi. Na mai kanti yakan zama cikakken suna, wani lokaci da gari, haruffansa daban, zurfinsa daban, yakan ɗan karkace saboda daga baya aka buga shi a kan kayan da aka riga aka gama. A cokalinmu haka abin yake, sunan kantin ya ɗan hau sama daga layin sauran. Akwai kuma rubutu na uku da bai kamata a haɗa shi da waɗannan ba, wato haruffan da aka zana a gaban mariƙi da tsinin ƙarfe, masu kwalliya. Waɗannan na mai kayan ne, galibi amaryar da aka yi wa kyauta. Bugu daban, zane daban.

Sunan mai kanti ba shi da daraja ke nan? Yana da ita, musamman wajen gano shekaru, saboda kantunan nan suna sauya suna duk lokacin da abokin tarayya ya shigo ko ya fita. Wani kanti a Niyok ya amsa Ball, Tompkins & Black, a 1851 ya koma Ball, Black & Co., a tsakiyar shekarun 1870 ya zama Black, Starr & Frost. Na Filadelfiya ya zama Bailey, Banks & Biddle a 1878. Namu na Boston a 1869 ya ɗauki sunan Shreve, Crump & Low. Gorham kuwa a 1868 ya bar ma'aunin 900 ya koma 925. Shaidu biyu da ba su haɗa baki ba sun faɗi abu ɗaya: cokalin azurfa ne na gaske, kuma bai girmi 1869 ba. A manyan kaya irin su butar shayi da tire, Gorham ya ma sauƙaƙa aikin, domin daga 1868 zuwa 1884 yana buga harafin shekara daga A zuwa Q, daga 1885 kuma ya koma 'yan hotuna. Idan kun ga PAT. da wata shekara, wannan shekarar rajistar zanen ce. Zanen Gorham mai suna Chantilly a 1895 ya fito, amma an ci gaba da buga shi fiye da shekara ɗari.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai bayan duk wannan. Mun rarrabe mai kanti da masana'anta, to amma masana'anta ma ai suna ne kawai. Hannun da ya riƙe cokalin nan ya goge shi a Providence ba shi da tambari. A zamanin bauta kuwa akwai bayi baƙaƙen fata da suka yi aiki a shagunan maƙeran azurfa, jaridun lokacin sun buga tallar sayar da su har da ambaton sana'arsu, amma sunan ubangidan ne ke kan kayan. Wanda aka fi sani cikin baƙaƙen fata da suka buga nasu sunan shi ne Peter Bentzon, ɗa ne ba bawa ba, haifaffen tsibirin Saint Thomas, ya koyi sana'a a Filadelfiya, ya yi aiki a can da kuma tsibirin Saint Croix a farkon ƙarni na 19. Kayan da aka samu da sunansa kaɗan ne, kuma wata butar shayi da ya ƙera tana gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washington. Mu da malamai ke ta yi wa faɗa a kan kwafar aikin wani ba tare da ambaton sunansa ba, wannan labari bai yi mana nisa ba.

Gargaɗi ɗaya ga duk wanda zai je ya birkice kwandon cokulan gidansu yau: kada ku sa toka ko yashi ko soson ƙarfe. Azurfa tana da laushi, alamomin nan kuma ba su kai ƙwayar gero ba. Baƙin da take yi ba tsatsa ba ce, a sama kawai yake, yana fita da tsumma da man goge azurfa.

Da mako ya cika na mayar wa Kawu cokulansa na yi masa bayani. Bai ji daɗin labarin na durowa ba, ya ce boko ya rage masa arziki. Don ya tabbatar, ya ja ni wurin wani tsohon maƙerin fari a cikin kasuwa. Tsohon bai ko kalli rubutun ba. Ya goga gefen baƙin cokalin a dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, ya ce, "Alhaji, wannan azurfa ce mai kyau, ta fi ta dala. In za ka sayar zan saya a kan nauyi, zobe biyu zai ba ni." Na ce, "Baba, in kun narka ai zakin da ankar sun tafi." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ni zaki zan sayar wa mata ko zobe?"

Kuɗin da ya taya ba wasu masu yawa ba ne, cokalin shayi guda ne, kuma Gorham ya yi irinsa ba adadi. Kawu ya juya shi a hannu, ya sa na sake nuna masa zakin a waya, sannan ya ce a bar shi tukuna. Na Rogers ya koma cikin dozin, an sayar da shi ranar Laraba. Baƙin yana durowa, kuma an ƙara mini aiki: duk kwalin da aka buɗe, sai na juya kowane cokali na duba bayansa kafin a ɗaure.

Maganar jarrabawa sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.